Cire mahaifa saboda ƙari: nazarin lamarin wata mata mai shekara 44

Wannan nazari ya bi lamarin mace ɗaya tun daga watan da jinin al'adarta ya fara ƙaruwa har zuwa wata shida bayan an cire mata mahaifa. An sakaya sunanta da garinta da asibitocin da ta je. Lissafin watanni ya fara ne daga lokacin da ita da kanta ta lura jinin ya sauya.

Yanayinta kafin ciwon

Shekararta 41 lokacin da abin ya fara. Matar aure ce, tana ɗinki a gida da keken ƙafa. Haihuwarta bakwai, shida na raye, duk da kanta ta haife su, ba a taɓa yi mata aiki ba. Autanta na da shekara shida. Ba ta da ciwon suga ko hawan jini. Al'adarta ta saba zuwa duk kwana 28 zuwa 30, ta yi kwana biyar ta ɗauke. An taɓa yi wa yayarta aikin ƙari, amma ba wanda ya tambaye ta wannan sai a wata na 33, ko da yake ƙarin mahaifa yana bin dangi.

Wata na 1 zuwa na 12: jini ya ƙaru

Kwana biyar suka koma takwas, daga baya goma. A kwanaki uku na farko audugar mata ba ta kai mata awa biyu, da dare sai ta haɗa biyu ta ƙara da tsohon zani a kan shimfiɗa. Jinin yana zuwa da gudaji. A Islamiyya ta tambayi malamarsu hukuncin salla, aka gaya mata iyakar haila a mazhabar Malikiyya kwana 15 ne, abin da ya wuce istihala ce, wato jinin ciwo. Maganar ta tsaya a kan salla.

Wajen wata na takwas ta fara haki in ta taka keke na rabin awa, ga jiri in ta miƙe, ga kwaɗayin tauna ƙanƙara da farar ƙasa. Wannan kwaɗayi sananniyar alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. A kemis aka ba ta maganin ƙarin jini na kwalba, ita kuma tana shan garin maganin ciwon jiki na takarda mai asfirin saboda ciwon mara. Asfirin yana rage daskarewar jini, don haka yakan ƙara zubar. Ba a gwada jininta ba a duk wannan shekara.

Wata na 13 zuwa na 21: hoton farko da maganin gargajiya

A wata na 13 ta ji dunƙule a mararta in ta kwanta rigingine. Hoton ciki ya nuna ƙari da yawa a mahaifa, mafi girmansu santimita 6, mahaifar kuma ta kai girman ciki na mako 14. Da haka likitoci suke auna ta: in ta kai cibiya, ana cewa girman mako 20.

Ƙarin mahaifa, wanda a asibiti ake kira faibiroid, tsiro ne daga naman bangon mahaifar kanta. Ba ciwon kansa (ciwon daji) ba ne, kuma da wuya ƙwarai a samu kansa a cikinsa. Sinadaran da ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa ne suke ciyar da shi, shi ya sa yake girma a shekarun haihuwa ya lafa bayan mace ta daina al'ada. Ya fi yawa a baƙaƙen mata, kuma yakan zo musu da wuri. Inda ya zauna ya fi girmansa muhimmanci: wanda ya turo cikin kogon mahaifa ko da ƙarami ne yakan jawo zubar jini mai yawa, wanda ya tsiro ta waje kuwa yana iya girma sosai bai sa jini ba, sai dai ya danne mafitsara ko hanji. Takardar hoton farko ba ta faɗi inda kowanne ya zauna ba.

Mai hoton ya ce mata, "Hajiya, wannan sai aiki." Ba ta koma ba. Wata takwas ta yi tana shan jiƙo da garin da aka ce yana narkar da ƙari. Maganin yana sa gudawa, mai maganin kuma ya ce gudajin jinin da take gani ƙarin ne yake fita. Ba shi ba ne. Ƙarin mahaifa fari ne, mai tauri kamar guringuntsi, da jijiyoyin jininsa, a dase cikin bangon mahaifa. Gudajin jininta ne da ya daskare kafin ya fito.

Wata na 22 zuwa na 32: magungunan asibiti

A babban asibiti aka fara gwada jininta. PCV, wato kason jajayen ƙwayoyin jini, ya nuna 26 cikin ɗari. Na mace mai lafiya yakan kama daga 36 zuwa sama. Aka rubuta mata abu huɗu.

Tiranekzamik asid, giram 1 sau uku a rana, a kwanaki huɗu na farkon jini kawai. Wannan ya yi aiki: jinin ya ragu, gudaji suka ragu. Amma ba ya taɓa ƙarin, aikinsa hana daskararren jini saurin narkewa ne. Mefenamik asid, miligiram 500 sau uku a rana bayan abinci, ya rage ciwon mara, aka kuma ce ta bar garin asfirin.

Ƙwayar ƙarfe ta feros salfet, miligiram 200. Ta sha mako uku ta daina, don bayan gidanta ya yi baƙi kuma ya yi tauri, ta ɗauka wani ciwon ne. Baƙin bayan gida abu ne da aka sani da wannan ƙwaya, ba haɗari ba ne, amma ba a gaya mata ba. Ƙari a kan haka da shayi take sha da safe, shayi kuwa yana hana hanji ɗaukar ƙarfen. Da ruwa ya kamata a sha, ko da lemon zaƙi, a bar awa biyu tsakaninta da shayi, a ci gaba har wata uku bayan jini ya dawo daidai.

Allurar Depo-Provera, wato allurar tazarar haihuwa, duk wata uku. Ta yi biyu. Jinin mai yawa ya ɗan lafa, amma ya koma ɗigo-ɗigo kusan kullum, sai ta ƙi ta uku. An yi maganar sa mata robar mahaifa mai sinadari, irin su Mirena, wadda ke rage jinin al'ada sosai ga mata da yawa. Aka fasa, saboda in ƙari ya karkatar da kogon mahaifa robar ba ta zama, takan fito.

Wata na 33: kwanciyar gaggawa

Bayan jini na kwana 13 ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. A asibiti PCV ɗinta 17, bugun zuciya 118 a minti, tafin hannu da cikin ido fari fat, ƙafafu sun ɗan kumbura. Mahaifa ta wuce cibiya, girman mako 22. Ta ce takan tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare.

Aka ƙara mata jini leda uku, waɗanda ƙannenta biyu da babban ɗanta suka bayar. Kowace leda a hankali aka sa, wajen awa huɗu, tare da allurar sa fitsari, domin zuciyar da ta daɗe tana aiki da ƙarancin jini tana iya gazawa in aka cika mata ruwa da sauri. Leda ɗaya takan ɗaga PCV da kamar maki uku. Nata ya koma 26.

Sabon hoto ya nuna ƙari fiye da goma. Babban ya kai santimita 11, akwai kuma ɗaya mai santimita 4 da ya turo cikin kogon mahaifa. Ƙodar dama ta ɗan buɗe, alamar mahaifar ta danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Aka tura ta asibitin koyarwa.

Wata na 34 zuwa na 36: bincike, shiri da shawara

Kafin maganar aiki sai da aka tabbatar ba wani abu ke ɓoye a bayan ƙarin ba. Aka ɗebi ɗan nama daga shimfiɗar cikin mahaifa, aka yi gwajin bakin mahaifa, aka duba aikin ƙoda da suga. Duk suka fito lafiya. Wannan mataki yana da nauyi, don aikin ciwon kansa daban ne: ana cire mahaifa har da naman da ke kewaye da ita da kaluluwar da ke kusa.

Aka fara mata allurar Zoladex, miligiram 3.6 a ƙarƙashin fatar ciki, duk kwana 28, sau uku. Allurar tana tsayar da aikin ma'ajiyar ƙwai na ɗan lokaci, sai al'ada ta ɗauke, ƙari ya motse. Ba magani ba ce ta dindindin: ba a son wuce wata shida saboda tana rage ƙarfin ƙashi, in aka daina kuma ƙarin yakan koma girmansa cikin 'yan watanni. Amfaninta ta ba jiki damar tara jini. Wannan karon ta sha ƙwayar ƙarfe yadda ya kamata. A ƙarshen wata uku PCV ya kai 34, mahaifa ta sauko girman mako 18. Allurar ta kawo mata zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, da gumin dare, da rashin barci.

Hanyoyi huɗu aka shimfiɗa mata. Ta jira daina al'ada, wanda yawanci yakan zo tsakanin shekara 45 da 55, sai dai yana iya zama shekara shida ko fiye a gaba, ga ƙoda a danne. A cire ƙarin kaɗai a bar mahaifa, aikin da ya dace da mai son haihuwa, amma da ƙari fiye da goma jini yakan zuba da yawa, ƙanana sukan ɓuya, kuma suna iya sake tsirowa. A toshe jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini ta hanyar siririn bututu, wanda wuraren yinsa kaɗan ne a Najeriya kuma da tsada. Ko a cire mahaifar.

Likita ta fara ganinta ita kaɗai, sannan tare da mijinta. Ita kaɗai ne ta faɗi abin da ke ranta: "Likita, in aka cire, ai na tashi daga mace. Malam zai ji bambanci." Mijin kuma tambayarsa ko za ta tsufa nan da nan, ko kuma za a bar rami a cikinta.

Aka zana musu a takarda. Mahaifa wurin zaman ciki ce, kuma daga ita jinin al'ada yake fitowa. Sinadaran da ke riƙe da jikin mace, da laushin gaba, da ƙarfin ƙashi, daga ma'ajiyar ƙwai biyu suke fitowa, a gefe da gefe, kuma ba dole ne a taɓa su ba. Gaba tana nan yadda take, samanta kawai ake ɗinkewa. Gurbin mahaifa hanji ne ke cike shi. Abu biyu ne tabbas za su tafi har abada: al'ada da ɗaukar ciki. Aka maimaita na biyun, aka ba ta mako biyu ta yi shawara da istihara. Ita ta sa hannu a takardar yarda, mijin ya sa a matsayin shaida.

Abin da aka tsayar: a cire mahaifa duka har da bakinta, tunda kansar bakin mahaifa ita ce ta biyu a yawa tsakanin matan Najeriya bayan ta mama, kuma zuwa gwaji a kai a kai zai yi mata wuya. A cire bututun ƙwai biyu, don ba su da sauran aiki kuma cire su yana rage haɗarin kansar ma'ajiyar ƙwai. A bar ma'ajiyar ƙwai in an same su lafiya. Ta ciki za a bi, don mahaifa mai wannan girma ba ta fita ta gaba cikin sauƙi.

Ranar aiki

Shekararta 44. An tanadi jini leda biyu. Ta daina cin abinci tun dare. Aka yi mata allurar baya mai kashe jiki daga ciki zuwa ƙasa, aka sa robar fitsari, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya kafin yanka. Saboda mahaifar ta motse, yankan kwance a ƙasan mara ya wadatar. Da tana nan a girman mako 22, mai yiwuwa sai an yi na tsaye zuwa cibiya, wanda ya fi ciwo kuma ya fi jinkirin warkewa.

Aikin yana tafiya daga sama zuwa ƙasa, kowane gefe ana matsewa, a yanke, a ɗaure. Da farko igiyoyin da ke riƙe da saman mahaifa. Sai a raba ta da ma'ajiyar ƙwai ba tare da an taɓa jijiyoyin da ke ciyar da su ba. Sai a ɓanɓare mafitsara daga gaban mahaifa a tura ta ƙasa. Daga nan ake zuwa wuri mafi haɗari, wato ɗaure manyan jijiyoyin jinin mahaifa, domin bututun fitsari daga ƙoda yana ratsawa ta ƙarƙashinsu, kamar santimita biyu kacal daga gefen bakin mahaifa. Babban ƙari yana iya ture shi daga inda aka saba samunsa. A nan aka tsaya aka gano bututun dama da ido kafin a matse komai. In aka ɗaure shi bisa kuskure ƙodar tana iya lalacewa, in aka yanke shi ko aka huda mafitsara ba a lura ba, yoyon fitsari ke biyo baya. Cibiyoyin gyaran yoyon fitsari irin ta Babbar Ruga a Katsina suna karɓar waɗanda nasu ya biyo bayan tiyata, ba na doguwar naƙuda kaɗai ba.

A ƙarshe aka yanke saman gaba, aka fito da mahaifa, aka ɗinke wurin da zare mai narkewa, aka haɗa shi da igiyoyin da ke riƙe da bakin mahaifa a da, don kada gaba ta zazzago nan gaba. Aka ƙirga auduga da kayan aiki kafin rufewa. Aikin ya ɗauki awa ɗaya da minti 50, jinin da ya zuba kamar mililita 600, ba a buƙaci ƙarin jini ba. Mahaifar ta yi kilo 1.3, alhali lafiyayya ba ta cika kai giram 100 ba. Aka aika ta ɗakin gwajin nama.

Makonni shida na farko

A daren farko nas tana auna fitsari duk awa, ana son ya kai mililita 30 ko fiye kuma ya fito ba jini. Washegari aka cire robar, aka zaunar da ita, aka taka da ita zuwa ƙofar ɗaki. Tashin da wuri, da allurar hana daskarewar jini, su ne kariya daga gudan jini a jijiyar ƙafa, wanda in ya tafi huhu yana iya kisa. Rana ta biyu iska ta fita, ta fara kunu. Rana ta huɗu aka sallame ta da PCV 31, aka lissafa mata abin da zai sa ta dawo ko da tsakar dare ne: zazzaɓi, jini mai jiƙa auduga cikin awa ɗaya, ruwa mai wari, kumburin ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, ciwon kwiɓi, ko fitsari mai zuba ba tsayawa.

Rana ta tara ta dawo. Gefen ɗinkin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya. Gwaggonta da ta zo jinya tana gasa mata ciki da tawul da ruwan zafi safe da yamma, irin yadda ake yi wa mai jego, tana shafa man shanu a kan ɗinkin. Aka warware zare biyu, aka wanke, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana zuwa wanki kullum. Cikin mako biyu wurin ya rufe. Ɗinki so yake a wanke shi da ruwa da sabulu, a tsane shi, a bar shi a bushe.

Rana ta 12 ta ga ɗan jini-jini ta gaba, ta tsorata. Zaren saman gaba ne ya fara narkewa, jinin rauni ne ba haila ba, ya ɗauke da kansa. A mako na uku zafin jiki da gumin dare suna nan, har ta yi zargin an cire mata ma'ajiyar ƙwai ba a gaya mata ba. Aka nuna mata takardar aikin, aka bayyana mata cewa ragowar allurar Zoladex ce, ma'ajiyar ƙwai takan ɗauki makonni kafin ta farfaɗo.

An hana ta jan ruwa daga rijiya, da daka, da ɗaukar abin da ya fi buta cike nauyi, da taka keke, har mako shida. A mako na shida aka duba saman gaba, ya warke. Sakamakon gwajin nama: ƙari ne marar kansa. Saboda ciwon ɗinkin da aka samu, aka ce saduwa ta jira mako na takwas.

Wata shida bayan aiki

PCV 38. Haki da jiri sun tafi, tashin fitsarin dare ya koma sau ɗaya, hoto ya nuna ƙodar dama ta koma daidai. Gumin dare ya ɗauke tun wata na uku. Ta koma ɗinki, ta yi azumin watan Ramadan ba ramuwa. Ba ta kawo ƙorafi kan saduwa ba, ta ce ma ciwon da take ji a da ya tafi. Ta ƙara kilo uku, abin da ya fi kama da dawowar cin abinci da zaman jinya. A wata na biyu ta yi kwanaki tana kuka ba dalilin da za ta iya faɗa, duk da ba ta da niyyar sake haihuwa. Wannan yakan faru, ya kuma wuce da ta samu wanda ya saurare ta.

Abin da lamarin ya nuna

Abin da ya kusa halaka ta ƙarancin jini ne, ba ƙarin ba, kuma shi ne mafi arhar magani a duk labarin. Wata 21 ta yi tana zubar da jini ba wanda ya gwada PCV ɗinta. Kalmar "sai aiki" da aka jefa mata a wata na 13 ba bayani ita ta kora ta wajen mai jiƙo, alhali a lokacin akwai abin yi da yawa kafin wuƙa. Magungunan asibiti ba kuskure ba ne, dole a gwada su, sai dai da hoton farko ya nuna akwai ƙari a cikin kogon mahaifa da an san iyakarsu tun da wuri. Ƙwayar ƙarfe ta gaza ne saboda jimla biyu da ba a faɗa mata ba, kamar yadda ciwon ɗinki ya zo saboda an yi wa marar lafiya bayani an bar mai jinyarta a waje.

Aikin ya yi kyau don ba a yi shi a wata na 33 ba, lokacin da take da PCV 17. Watanni ukun shiri su suka ba da yankan kwance, suka sa ba a ƙara mata jini a ɗakin tiyata ba. Barin ma'ajiyar ƙwai shi ne hukunci mafi muhimmanci ga sauran rayuwarta: cire su a shekara 44 ba dalili yana jefa mace cikin daina al'ada a dare ɗaya, ya ƙara mata haɗarin raunin ƙashi da ciwon zuciya. Duk macen da za a yi wa wannan aiki tana da haƙƙin ta tambaya tun kafin ranar: me za a cire, me za a bari, kuma don me.

Wannan hukunci nata ne, ba na kowace mai ƙari ba. Mace mai shekara 29 da ba ta haihu ba, da irin wannan hoton, cire ƙarin kaɗai za a nema mata iyakar iko. Mai shekara 50 da ƙari bai sa ta jini ba, sau da yawa jira da lura sun ishe ta.

Ita wannan matar, tunda an cire bakin mahaifa kuma gwajinsa ya fito lafiya, ba ta buƙatar ci gaba da wannan gwajin. Ma'ajiyar ƙwanta za su daina aiki wata rana, mai yiwuwa ɗan da wuri fiye da in mahaifar na nan, kuma ba za ta gane ta ɗaukewar jini ba, sai ta zafin jiki da bushewar gaba. An ce ta dawo in hakan ya dame ta, ta riƙa duba mamanta, ta riƙa auna hawan jini, kuma duk jinin da ta gani ta gaba daga yanzu, komai ƙanƙantarsa, a kawo ta a duba.